Koyon tiyatar hanci a kan samfurin da firintar 3D ta buga: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan suna yawan fitowa daga bakin ɗaliban likitanci, da likitoci masu neman ƙwarewa a sashen kunne da hanci da maƙogwaro, da kuma majinyatan da suka ji labarin cewa yanzu ana koyon tiyata a kan "kan roba". An fara da masu sauƙi kafin a shiga masu zurfi.

Mene ne ainihin wannan samfurin?

Kwafin cikin hancin mutum ne daidai girmansa, wanda aka ciro siffarsa daga hoton CT (hoton asibiti mai nuna cikin jiki yanka-yanka) na wani majinyaci, aka ba na'ura ta gina shi da roba. Kalmar "bugawa" takan ruɗa mutane, domin aikin ya fi kama da na maginiyar tukwane: na'urar tana shimfiɗa siririn hawa, ta ɗora wani a kansa, har abin ya tashi. Kaurin kowane hawa yakan kama daga 0.2 na milimita zuwa ƙasa. Chuck Hull na Amurka ya samu haƙƙin mallakar hanyar daskarar da ruwan roba da haske a 1986, Scott Crump kuma ya ƙirƙiro ta narkar da zaren roba a ƙarshen shekarun 1980. Da wa'adin haƙƙin mallakar Crump ya ƙare a 2009 ne ƙananan firintoci suka yi araha.

Kada a haɗa shi da ƙoƙon kan roba da ke ajiye a ajin ilimin sassan jiki. Wancan na kallo ne. Wannan an yi shi ne don a zura masa kyamara, a yanka, a huda, a fasa, sannan a jefar a sa wani.

Me ya sa hanci ya fi buƙatar irin wannan horo?

Saboda wurin matsattse ne, kuma maƙwabtansa ba sa yafe kuskure. Kewaye da hanci akwai ɗakunan iska guda huɗu a kowane ɓangare, waɗanda likitoci ke kira sainos: na kunci, na goshi, na tsakanin idanu mai kama da saƙar zuma, da na can ciki a tsakiyar kai. Bangon da ya raba na tsakanin idanu da gurbin ido bai kai rabin milimita ba, shi ya sa sunansa na Latin yake nufin "mai kama da takarda". Rufin wurin shi ne daɓen ƙwaƙwalwa. Idan aka huda shi, ruwan ƙwaƙwalwa zai riƙa ɗiga ta hanci, ƙwayoyin cuta kuma su samu hanyar haddasa sanƙarau. A jikin bangon ɗakin can ciki kuwa, jijiyar gani da babbar jijiyar jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa suke wucewa, a wasu mutanen ma babu ƙashin kirki da ya rufe su.

Ga kuma yadda ake aikin. Likita yana riƙe da sandar kyamara mai kaurin milimita 4 a hannu ɗaya, kayan aiki a ɗayan, idonsa na kan allon talabijin, ba kan majinyaci ba. Hoton allo ba ya nuna zurfi. Idan aka koma kyamara mai kallon gefe, ta digiri 30 ko 45 ko 70, sai hannu ya tafi gabas ido ya ga kamar arewa ya nufa. Walter Messerklinger da Heinz Stammberger ne suka kafa wannan salo a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, David Kennedy ya yaɗa shi a Amurka daga 1985. Manyan matsaloli a wannan tiyata ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, amma idan suka faru, magana ce ta makanta ko rai.

Abin da ya ƙara wahalar shi ne babu mutum biyu masu tsarin ɗakuna iri ɗaya. Tun 1962 Keros ya kasa zurfin rufin hanci gida uku: milimita 1 zuwa 3, 4 zuwa 7, da 8 zuwa 16, kuma mai zurfin ya fi saurin huduwa. Ko a kan mutum ɗaya, dama da hagu sukan bambanta.

Waɗanne ayyuka ake koya a kansa?

Daga riƙe kyamara ba tare da goge bango ba, zuwa buɗe ƙofar ɗakin kunci, share saƙar zuman tsakanin idanu, shiga ɗakin can ciki, da bin hanyar ɗakin goshi wadda ita ce mafi murɗiya. Akwai samfuran miƙar da shamakin tsakiyar hanci, da cire tsiron nama, da cusa auduga don tsayar da haɓo, da buɗe wa hawaye hanya ta cikin hanci. Likitocin ƙwaƙwalwa ma suna amfani da su wajen koyon bin hanci su kai ga ƙarin da ya fito a glandar fituwitari, wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Gyaran siffar hanci daga waje yana da tasa amsar a ƙasa.

Ba a kan gawa ake koyon tiyata ba? Me ya sa ake neman wata hanya?

Har gobe gawa ita ce mafi kusa da mai rai, musamman wadda aka daskarar da ɗanyenta ko aka adana ta hanyar da Walter Thiel ya bayyana a 1992, mai barin nama da laushinsa. Wadda aka jiƙa da fomalin kuwa namanta yakan ƙandare, launi ya dushe, ga warin da ke sa hawaye. Matsalar ita ce samu. A ƙasashe da yawa masu ba da wasiyyar jikinsu ga makarantun likitanci ba su da yawa. A wurarenmu ana gaggauta suturta mamaci da binne shi, kuma wannan haƙƙinsa ne, don haka makarantun Nijeriya sun fi dogara ga gawarwakin da ba a samu danginsu ba. Ɗan abin da aka samu ɗaliban farko ne ke rabawa. Kafin a zo kan mai neman ƙwarewa a hanci, babu saura.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika lura da shi ba. Gawa sau ɗaya ake aiki a kanta, ɓangare biyu kawai, kuma ba ka zaɓar tsarin da za ka tarar. Ɗalibai goma a kan gawa goma jarrabawa goma suke yi daban-daban, wani mai sauƙi wani mai wuya. Samfur kuwa ana iya buga iri ɗaya sau ɗari. Ɗalibi zai yi kuskure yau, gobe ya koma wurin da ya yi kuskuren, a hanci iri ɗaya, har hannunsa ya faɗa. A ganina wannan maimaicin shi ne babbar fa'idar abin, ya fi kamanninsa da mutum muhimmanci.

Kan rago fa? Ai ya fi araha.

Ya fi, kuma ba abin rainawa ba ne. Farfesa Ranko Mladina na birnin Zagreb a Kuroshiya ya daɗe yana koyar da masu farawa a kan kan ɗan rago, domin yana ba da abin da roba ba ta bayarwa: nama na gaskiya mai santsi, da ƙashi mai karyewa yadda ƙashi ke karyewa. Wasu malamai ma da tattasai suke fara wa ɗalibi, ya zura kyamara ya tsince 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ko ya kankare ɓawon ƙwai da injin huda ba tare da ya fasa tantanin ciki ba. Sai dai hancin rago dogo ne, ɗakunansa ba a jere suke kamar na mutum ba. Zai koya maka hannu, ba zai koya maka hanya ba. Hanya sai samfur ko gawa.

Yaya ake tashi daga hoton CT zuwa abin da za a riƙe a hannu?

Ana buƙatar hoton da aka ɗauka yanka-yanka sirara, milimita ɗaya ko ƙasa da haka, a karɓo shi a fayil ɗin DICOM, wato ainihin fayil ɗin kwamfuta da na'urar CT ke fitarwa, ba fim ɗin da ake ba majinyaci a ambulan ba. Sai a buɗe shi a manhaja irin 3D Slicer, wadda kyauta ce, a rarrabe ƙashi daban, nama daban, iska daban. Daga nan a fitar da fayil ɗin STL, mai ɗauke da siffar abin da za a buga, a gyara shi, a tura wa firinta.

Rarrabewar nan ita ce wurin da aikin yake. Ƙasusuwan da suka fi muhimmanci su ne mafi siranta, kuma su ne na'urar CT ba ta kamawa sosai, sai su fito a kwamfuta da huji-huji kamar rariya alhali a jikin mutumin lafiyarsu ƙalau. Dole wani ya zauna ya cike su da hannu, yanka bayan yanka. Idan ya cika da yawa, bango ya yi kauri, ɗalibi ya saba da dannawa da ƙarfi, kuma wannan mummunar ɗabi'a ce a kusa da ido. Haka nan majina da kumburarren nama kusan launi ɗaya suke a hoton, guringuntsi kuma ba ya fitowa sarai. Saboda haka bai kamata a bar injiniya shi kaɗai da wannan mataki ba. Likitan hanci ko likitan hoto ya zauna tare da shi, ya duba kafin a buga.

Wace irin roba ce ta fi kama da ƙashi da nama?

Babu guda ɗaya da ta haɗa duka. Zaren PLA, wanda ƙananan firintoci ke narkarwa, shi ne mafi araha, amma bakin da yake fitowa ta ciki yawanci 0.4 na milimita ne, kusan kaurin bangon idon da ake son kwaikwaya, kuma yana narkewa ya manne wa injin huda idan ba a zuba ruwa. Ruwan rezin da ake daskararwa da haske ya fi fitar da ƙananan siffofi, sai dai yakan taru a rufaffun ɗakuna, yana buƙatar wanki da sinadarin alkohol da safar hannu. Samfurin garin farar ƙasa da aka manne shi ya fi ba da jin ƙashi a ƙarƙashin injin huda. Nama kuwa yawanci silikon ake zubawa ko shafawa a kai.

Manyan firintocin masana'antu suna iya buga tauri da laushi a tashi ɗaya, amma kuɗinsu dubban daloli ne masu yawa, yayin da ƙaramar firinta ba ta wuce 'yan ɗaruruwa ba. Shi ya sa kamfanoni ke sayar da samfur ɗin a gama, da kai na dindindin da ɓangaren hanci da ake cirewa a sauya. Na kamfanin PHACON da ke Leipzig a Jamus har yana haɗe da kwamfuta mai nuna inda bakin kayan aiki yake a kan hoton CT.

Akwai wurin da aka gwada abin sosai aka ga amfaninsa?

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na birnin Adelaide a Ostireliya. Farfesa Peter-John Wormald na jami'ar garin, wanda ya shahara a tiyatar ɗakin goshi, ya yi aiki da kamfanin Fusetec suka fitar da jerin samfura daga hotunan majinyata na gaskiya, daga mai sauƙin tsari zuwa mai wuya. Wormald yana koyar da cewa kafin likita ya taɓa majinyaci, ya zauna da hoton CT ya zana ɗakunan a ransa kamar tubalan da aka ɗora kan juna, ya gano ta inda hanyar majina ta bi tsakaninsu. Da yake kowane samfur yana tafe da hotonsa, ɗalibi zai yi zanen, ya shiga da kyamara, ya ga ko hasashensa ya yi daidai.

Lokacin annobar korona, da tafiye-tafiye suka tsaya, likitocin Jami'ar Hokkaido da ke Sapporo a Japan sun yi kwas da malaman Adelaide ta intanet, aka wallafa rahotonsa a 2021. Ɗalibi na aiki a Japan, malami na kallon abin da kyamararsa ke gani daga Ostireliya yana yi masa gyara nan take, kuma ya riga ya san kowane lungu na hancin domin irinsa na gabansa. Da gawa hakan ba za ta yiwu ba. Binciken da ƙungiyar ta biyo da shi ya nuna makin matasan likitoci yana hawa yayin da suke maimaita aikin. A lura dai: abin da irin waɗannan bincike suka fi aunawa shi ne ƙwarewar hannu a ɗakin horo, wadda mataki ce kafin a zo ga lafiyar majinyaci.

Mene ne samfur ba zai iya koyarwa ba?

Jini. A ɗakin tiyata ɗigo ɗaya a bakin kyamara ya isa ya rufe allo gaba ɗaya, kuma rabin gwanintar likitan hanci ita ce kiyaye wurin aiki a bushe: ɗaga kan majinyaci kaɗan, sa maganin tsuke jijiyoyi, fahimtar juna da likitan sa barci, da sanin lokacin da ya kamata a dakata. Wasu samfuran ana haɗa musu famfo mai tura jan ruwa, amma jan ruwa ba ya daskarewa, roba kuma ba ta kumbura. Wannan ne ya sa Wormald da abokan aikinsa suka tsara horo na daban a kan tumaki da aka sa barci don koyon abin yi idan babbar jijiyar jini ta yage, inda ake toshe wurin da ɗan yankin tsoka da aka murƙushe.

Ba ya kuma koyar da shawara: wa ya kamata a yi wa aiki, wa magani da wankin hanci da ruwan gishiri zai ishe shi, yaya za a yi wa iyali bayani. Sannan akwai haɗarin yin horo ba malami. Wanda ya maimaita kuskure sau ashirin shi kaɗai ya ƙware ne a kan kuskuren. Duba amsar da ta gabata. Abin da ya sa kwas ɗin Sapporo ya yi ma'ana shi ne idon malami, ba robar kaɗai ba.

Yana da amfani wajen gyaran siffar hanci da sake gina shi?

Yana da shi, ta hanya dabam. A nan ana koyon ɗaga fata daga kan guringuntsi ba tare da yaga ta ba, tsaga ƙashin karan hanci a daidai layi, sassaƙa guringuntsin haƙarƙari, da ɗinka shi ya zama ginshiƙi. Sake gina hanci da fatar goshi tsohuwar sana'a ce da ta samo asali daga Indiya, kuma har yau auna faɗin fatar da za a yanko shi ne wurin da sabon hannu ke tuntuɓe. Samfurin fuskar majinyaci yana ba da damar aunawa tun kafin a shiga tiyata.

Buƙatar irin wannan aiki a wajenmu ba ta kwalliya ba ce kawai. Akwai haɗarin babur, akwai ciwon daji, akwai kuma cutar noma mai cin fuskar yara masu tamowa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamba 2023. Asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato yana wannan aiki tun 1999, kuma kowane yaro da irin ɓarnar da cutar ta yi masa, ba ta bin tsarin littafi. Sai dai silikon ba ya nuna tabo mai tauri ko yadda fata za ta tsuke bayan watanni.

Samfurin da aka sayo daga waje zai dace da majinyatanmu?

Ɗakunan ciki da maƙwabtansu masu haɗari duk ɗan Adam yana da su, don haka zai yi aiki. Bambancin ya fi fitowa a siffar waje, kaurin fata da ƙarfin guringuntsi, da kuma irin cutar. Majinyatanmu sukan zo asibiti a makare, tsiro ya cika hanci, alamomin da likita ke bi sun ɓace. A wurare masu zafi da ƙura kamar Sudan, an daɗe da sanin ciwon sainos na fumfuna wanda ke tura bango har ya turo ido waje. Wanda ya saba da tsaftataccen samfur kaɗai zai sha mamaki. Wannan ce hujja mafi ƙarfi ta buga namu daga hotunan asibitocinmu.

Ana buƙatar izinin majinyacin da aka yi amfani da hotonsa?

Ana buƙata. Fayil ɗin DICOM yana ɗauke da suna, shekaru da lambar asibiti, kuma goge su bai wadatar ba, domin daga hoton CT na kai ana iya sake fito da fuskar mutum har a gane shi. A nemi izini a rubuce, a bi ta kwamitin ɗa'a na asibiti, a sauya ko a yanke siffar fuska idan ba a buƙatarta, kuma kada a tura fayil ɗin ga shagon bugawa ta WhatsApp. A Nijeriya dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman.

Sashen da ba shi da kuɗi sosai, daga ina zai fara?

Ba daga firinta ba. A fara da kyamara, fitila, allo da saitin kayan aiki da aka ware wa horo kaɗai, waɗanda ba za su koma jikin majinyaci ba, domin roba na dakushe bakin kayan aiki. Tsofaffin da ɗakin tiyata ya ajiye sun isa. Sai tattasai da ƙwai da kan rago, kamar yadda aka bayyana a sama, da rana tsayayya a mako da babban likita zai zauna da ƙananan. Bayan haka a nemi haɗin gwiwa da sashen injiniya na jami'a. Cibiya irin ta kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna, ko asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato, idan ɗaya ya gyara fayil mai kyau, sauran za su iya bugawa ba sai kowa ya maimaita wahalar ba.

A yi tanadin wuta, domin bugu ɗaya yakan ci sa'o'i da yawa, wani bugun ma har ya kwana, kuma ɗaukewar wuta a tsakiya na iya lalata shi. Inbata ko sola dole ne. Zaren roba yana shan danshi da damina, a ajiye shi a rufaffen mazubi. PLA yana fara laushi idan zafi ya kai kusan digiri 60 a ma'aunin Celsius, don haka kada a bar samfur a mota cikin rana. Mai hudawa ya sa takunkumi da tabarau saboda ƙura.

Ni majinyaci ne. Za a iya buga nawa hancin kafin a yi mini aiki?

Za a iya, amma yawancin ayyuka ba sa buƙata. Hoton CT mai kyau da likitan da ya zauna ya karanta shi sun wadatar. Inda ya fi amfani shi ne aiki mai sarƙaƙiya: ƙari a gindin ƙoƙon kai, karaya da yawa a fuska, ko hancin da aka taɓa yi wa tiyata alamominsa suka sauya. A nan likita zai gwada hanyar shiga tun da wuri, ya kuma nuna maka da iyalinka abin da za a yi, gani ya kori ji. Idan an ba ka wannan shawara, ka tambayi nawa zai ƙara a kan kuɗin aiki, kwana nawa zai jinkirta shi, da kuma ranar da aka ɗauki hoton da za a buga, domin tsiro da ƙari suna girma, samfurin kuwa siffar ranar da aka ɗauki hoton kawai yake nunawa.